Firi, 'Yanci da Talala: Wane Suna Ya Dace da Waƙar da Ta Ajiye Ma'auni?

Cikin kalmomin Turanci da suka shigo bakin Bahaushe, kaɗan ne suka yi yawon da kalmar nan free ta yi, wadda muke kira firi. Direba idan ya cire mota daga giya sai ya ce ya sa ta a firi. Mai sayar da kaya a kasuwa yana ɗaga riga ya ce firi sayiz ce, wato za ta shigi siriri ta shigi mai jiki. Ɗalibin da malami bai shigo ajinsu ba ya ce yana firi. Wanda aka ba abu bai biya ko sisi ba ya ce a firi ya samu. Saurayin da ya kama makirfo ya yi ta zuba kalmomi a kan kiɗa ba tare da ya rubuta komai ba ya ce firistayil yake yi. Yanzu kuma ta iso zauren marubuta waƙa, inda za ka ga an jera layuka marasa kari marasa amsa-amo, in ka yi magana a ce maka ai firi bas ce, ko kuma, in mai ita yana son ya yi Hausa, ya ce 'yantacciyar waƙa ce. Wannan fassara ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin suna linzami ne, kuma inda wannan sunan yake jan matasanmu ba wurin zuwa ba ne.

Kafin mu kai ga waƙa, bari mu tsaya a kan kalmar ita kanta. Turanci ya ɗora mata kaya fiye da na jaki guda. Tana nufin abin da ba a biya masa kuɗi, tana nufin mutumin da ba bawa ba, tana nufin abin da ba a ɗaure ba, tana nufin wurin da ba kowa a ciki, tana nufin abin da ke miƙewa ya lanƙwasa yadda aka so. Turawan su da kansu abin yana damunsu. Lokacin da Richard Stallman ya kafa gidauniyarsa ta manhajojin kwamfuta a Amurka a 1985, ya sha fama wajen bayyana wa mutane cewa 'yancin sarrafa manhaja yake nufi, ba rashin biyan kuɗi ba, har daga baya masu wannan harka suka ranto libre daga Faransanci da Sifaniyanci don su raba gardama. Masu harshen ke nan suka tafi aro. To mu da muke da kalma daban ga kusan kowace ma'ana, me ya kai mu aron wadda ta cakuɗa su?

Babu garin da ya fi N'Djamena dacewa a ga wannan cakuɗa a fili. Faransawa ne suka kafa shi a 1900 da sunan Fort-Lamy, bayan yaƙin Kusiri da aka yi ran 22 ga Afrilu na wannan shekara, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duk suka rasa rayukansu. Sai a 1973, zamanin Tombalbaye, aka mayar da sunan N'Djamena. Hausawa sun daɗe a can. Fatake ne da mahajjata masu bin hanyar ƙasa zuwa gabas, wasu suka yada zango don neman guzuri, zangon ya zama gida. Wani Ba'amurke, John Works, ya yi littafi sukutum a kan Hausawan Chadi a 1976. Jikokin waɗannan mutane a yau suna jin Hausa a cikin gida, Larabcin Chadi a kasuwa da bakin titi, Faransanci ko Larabcin littafi a makaranta, tunda su biyun ne harsunan hukuma. Turanci baƙo ne na huɗu, kuma galibi ta hannunmu yake isa gare su, ta finafinan Kano da waƙoƙi da abin da ake turawa a waya.

Ɗauki firi ɗin nan ka kai wa yaron da ya tashi a wannan gari, ka ga yadda za ta tarwatse a hannunsa. Abin da aka ba shi kyauta, Faransanci ya ce gratuit, Larabci ya ce majjani. Mutumin da ba a mallake shi ba, libre ne da hurr. Rigar da ke shigar kowa taille unique ce, wato awo guda. Bugun da muke kira bugun tazara a ƙwallo, wanda Turanci ya jingina wa free, Faransanci coup franc yake ce masa. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta direbobi: abin da direban Kano yake kira firi, direban N'Djamena point mort yake kiransa, ma'ana matacciyar gaɓa. Wuri ɗaya ne a jikin giya, wani ya gan shi 'yanci wani ya gan shi mutuwa, kuma na biyun ya fi gaskiya, domin motar da ke firi inji bai riƙe da tayoyinta. In akwai gangara ta tafi, in babu ta tsaya. A gari shimfiɗaɗɗe kamar N'Djamena kuwa, da ke kwance a bakin Shari ba tudu ba kwari, ko taku ɗaya ba za ta yi ba. Mai karatu ya riƙe wannan motar, za mu sake bukatarta.

Ita kuwa 'yanci tamu kalma ce mai nauyi, ba a ɗaukarta da hannu ɗaya. Daga ɗa da 'ya ta fito, shi ya sa a Hausar yamma ake cewa ɗiyauci. Ɗa shi ne wanda aka haifa a gida, kishiyarsa bawa. Abin mamaki, Latinanci ma haka ya yi, kalmar liberi tana nufin 'ya'ya tana kuma nufin waɗanda ba bayi ba, ita ma free ɗin masana asalin kalmomi sun ce danginta ɗaya da kalmar Turanci ta aboki, wato na gida, wanda ake ƙauna. Ke nan duk inda ka ambaci 'yanci, bawa yana tsaye a bayanka. A ƙasashen nan namu kuma wannan ba tatsuniya ba ce. Sai a 1936 aka yi dokar da ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya, kuma yankin tafkin Chadi bai manta da abin da rundunar Rabe ta yi wa ƙauyuka ba. 'Yanta bawa, fansar kai, murgu, 'yancin kan da Chadi ta samu ran 11 ga Agusta 1960 da wanda Nijeriya ta samu ran 1 ga Oktoba, duk a cikin wannan kalmar suke kwance.

To idan ka ce waƙarka 'yantacciya ce, me ka ce da ta Aliyu Namangi? Baiwa ke nan. Haka ta Mu'azu Haɗeja, haka ta Aƙilu Aliyu. Kuma tarihi ya ƙaryata wannan ƙarya tun kafin a yi ta, domin waƙoƙin da suka fi kowace magana tsoratar da masu mulki a ƙarshen zamanin Turawa, a cikin ma'auni tsattsaura aka yi su. Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur amsa-amo guda ta riƙe daga farko har ƙarshe, kuma ban san wanda ya karanta ta ya ji ƙarar mari a ƙafar mai ita ba. Mudi Sipikin da sauran mawaƙan NEPU da kari suka nemi sawaba. Ma'aunin ne ma ya sa talakan da bai iya karatu ba ya haddace baitocin ya kai su ƙauye, inda takarda ba ta isa.

Sannan abin da ake kira da wannan suna a duniya ba abu ɗaya ba ne, aƙalla uku ne, kuma ɗan N'Djamena mai karatu da harsuna biyu yana iya haɗuwa da dukansu a shagon littattafai guda. Akwai na Walt Whitman na Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1855, mai dogayen layuka da ba a ƙirga gaɓoɓinsu amma suna tafiya a kan maimaici da jeranta jimloli masu ƙira ɗaya. Akwai vers libre na Faransa, da ya bayyana a mujallar La Vogue ta Gustave Kahn a 1886, wanda tawaye ne ga layin nan mai gaɓa 12 da ya mulki waƙar Faransanci shekaru aru-aru. Wannan shi ne gadon da mawaƙan Chadi masu rubutu da Faransanci irin su Nimrod suka taras. Sai na Larabawa, shi'ir hurr, da Nazik al-Mala'ika da Badr Shakir al-Sayyab suka fito da shi a Iraƙi wajen 1947. Na ukun nan shi ya fi shafarmu, kuma shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutanen nan biyu ba su jefar da arulin Halilu ba ko kaɗan. Abin da suka yi shi ne suka riƙe ƙafa guda ta ma'auni, wadda Larabawa ke kira taf'ila, suka bar wa kansu damar sa uku a wannan layi, biyar a wancan, ɗaya a na gaba, suka kuma daina tilasta wa waƙa amsa-amo guda. Nazik ma da ta ga yadda matasa suka ɗauki abin, sai ta rubuta littafi a 1962 tana shata masa dokoki. Waɗanda suka ajiye aruli gaba ɗaya wasu ne daban, mutanen mujallar Shi'ir ta Beirut da aka kafa a 1957, kuma su ba su ɓoye ba, ƙasidatun nasr suka kira abinsu, wato waƙar zube. Shi ma T. S. Eliot, wanda ake yawan kafa hujja da shi, tun a 1917 ya rubuta maƙala yana musanta cewa akwai waƙar kirki da ta kuɓuta daga ƙa'ida.

Me ya sa namu matasan suka ɗauka abin bai wuce zubar da amsa-amo da datse layi ba? A ganina laifin rubutun boko ne, fiye da laifin su. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa take tafiya. Kalmar gida gaɓarta ta farko sassauƙa ce ta biyu mai nauyi, rana duka biyun masu nauyi ne, sarki ma haka. Jeranta masu nauyi da marasa nauyi bisa tsari shi ke haifar da kari, kuma wannan ne ya sa bahar-bahar na Larabci suka sami gindin zama a Hausa, abin da M. K. M. Galadanci ya kira auren waƙar Larabci da ta Hausa. To boko ba ya nuna tsawon wasali. Yaron da ya san waƙa a takarda kawai, bai taɓa jin an rera ta ba, ba ya ganin karin ko kaɗan. Abin da idonsa ke gani shi ne harafin ƙarshen ɗango. Sai ya ɗauka amsa-amo shi ne dukan dokar, in ya ajiye shi ya gama tawaye. Alhali amsa-amo a Hausa shi ne mafi araha a kayan aikin mawaƙi, tunda kusan kowace kalma tamu da wasali take ƙarewa. A ajami kuwa alif da waw da ya suna nuna inda aka ja wasali, don haka almajirin da ya saba da baƙaƙen Larabci, a Zariya yake ko a N'Djamena, yana ganin abin da ɗan boko ya makance a kansa.

Ga gwajin da nake yi wa duk waƙar da aka ce mini firi ce. Ɗauki jimla kamar wannan: jiya da yamma na tsaya a gadar Ngeli ina kallon masu kwalekwale suna komawa gida. Datse ta gida biyar, ka sa jiya da yamma a layi ɗaya, na tsaya a layi na biyu, haka har ƙarshe. Yanzu karanta wa wanda ba ya kallon takardar. Me ya ji? Jimlar da ka fara da ita ya ji, ba ƙari. Datsin yana ido, bai kai kunne ba. Mu kuwa al'umma ce ta masu sauraro. Imfiraji ta bakin almajirai da makafi da rediyo ta zaga ƙasar Hausa, kuma har gobe wanda zai ji waƙa a waya ya ninka wanda zai karanta ta. Waƙar da duk waƙancinta yake cikin farin da aka bari a gefen shafi, da an karanta ta a fili ta koma labari. Ita ce motar nan da ke firi. Idan jigon yana da gangara, kamar mutuwar uwa ko rabuwa da masoyi, sai ta ɗan gungura da nauyin abin da ake faɗa, mai ita ya ɗauka shi ke tuƙi.

Kada a fahimce ni a baibai, ba cewa nake yi Hausa ba za ta ɗauki waƙa marar aruli ba. Ta ɗauka tun kafin a haifi Whitman. Kirarin maharba da na 'yan dambe da na 'yan tauri ba ya bin bahari, ba ya neman amsa-amo, layukansa wani dogo wani gajere, amma ba wanda zai ji shi ya ce hira ce. Abin da ke riƙe da shi shi ne numfashin mai yi, da jimloli masu kafaɗa ɗaya da ke bin juna, da suna a kan suna, da karin sautin da ke hawa ya sauko a inda ake jiransa. Haka waƙar baka. Ana yawan cewa Mamman Shata nan take yake ƙirƙirar waƙa, kuma matasa na son su ce shi ne uban firistayil. To amma Shata yana da kalangu a bayansa da ba ya sassauta masa ko bugu ɗaya, yana da amshi da ke dawowa a kan lokaci, kuma kowane ɗan waƙa, komai tsawonsa, dole ya sauka daidai inda 'yan amshi za su karɓa. Sakewarsa a tsakanin amshi da amshi take. Cire kalangun da amshin ka ga ko za ta yi shekara a bakin mutane.

Saboda haka in suna muke nema, Hausa ba ta gaza ba. Wanda ke fara zuwa baki bayan 'yantacciya shi ne sakakkiya, kuma ya fi ta kusa da gaskiya, tunda saki kishiyar ɗauri ne, ba kishiyar bauta ba. Sai dai yana da nasa aibin. Sakakkiya a kunnen Bahaushe matar da aurenta ya mutu ce, kuma sake ɗan uwan sakaci ne, shi ne wanda aka yi ɗan zaki ya girma. Ga kuma wani abin dariya: a wayar da ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya, sakakkiya da saƙaƙƙiya rubutunsu ɗaya, alhali ɗaya an kwance ta, ɗayar an saƙa ta zare bisa zare.

Ni kalmar makiyaya na fi so, kuma Chadi ƙasar dabbobi ce, ba sai an yi wa kowa bayani ba. Akwai dabaibayi, da ake haɗe ƙafafun dabba ta riƙa tafiya da ƙyar. Akwai ɗauri a gindin turke. Akwai talala, inda ake sa wa dabba doguwar igiya ta yi kiwo ta zagaya yadda ta so, amma turken yana nan. Abin da Nazik da Sayyab suka yi talala ce tsantsa, ƙafar aruli ce turkensu. Kirari talala ce, turkensa numfashi da maimaici. Shata talala yake yi a gindin amshi. Waƙar talala suna ne da yake gaya wa yaro gaskiya tun ran farko: an tsawaita maka igiya, yanzu nuna mana turkenka. Kuma yana ba mai nazari tambayar da zai yi aiki da ita. Maimakon gardamar ko wannan waƙa ce ko ba waƙa ba ce, wadda ba ta ƙarewa, sai ya tambaya me ke dawowa a cikinta, kari ne, jimla ce, hoto ne, ko sauti, kuma kunne yana jin dawowar ko ba ya ji.

Wadda ta ajiye layi da kari gaba ɗaya ta dogara ga hoto da nauyin kalma, kamar ta mutanen Beirut, sunanta yana nan a shirye. Malamanmu da suka raɗa wa rubutun da ba waƙa ba suna zube sun yi dabara, domin zube shi ne abin da aka zuba ba a auna ba. A kira ta waƙar zube, a rubuta ta a sakin layi kamar yadda masu ita suke yi, a daina datse ta don ta yi kama da abin da ba ita ba. Aiki ne mai wuya ƙwarai, ya fi ƙwar biyar wuya, domin ba kari da zai rufa wa kalma mai rauni asiri. Saura kuma, waɗanda ba turke ba hoto, Hausa ta daɗe da kalmarsu, kara-zube, kuma ba laifi mai nazari ya faɗe ta in ta kama.

Wani zai ce ai gardamar suna ce kawai, a bar yara su yi rubutu. Na yarda a bar su, ban yarda suna ba komai ba ne. Yaron da aka gaya wa waƙarsa 'yantacciya ce, duk gyaran da ka kawo masa zai ɗauke shi yunƙurin mayar da shi bauta, kuma da wuya ya zauna ya koyi rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, abin da bai fi aikin 'yan makonni ba ga mai kunnen Hausa. Littattafan Abdulƙadir Ɗangambo a kan feɗe waƙa da na Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka suna nan, ba su yi nisa da kowa ba.

A N'Djamena akwai abin da ya kamata marubutanmu su leƙa. Salon nan na karanta waƙa a gaban jama'a da ake kira silam, wanda Marc Smith ya faro a Chicago a shekarun 1980, ya sami karɓuwa a garin, har likita kuma mawaƙi Didier Lalaye, da aka fi sani da Croquemort, ya assasa masa biki mai suna N'Djam s'enflamme en slam. Galibi da Faransanci ake yi, ba kuma aruli ake bi ba. Amma mai yi yana tsaye ne a gaban mutane, ba shafin da zai ɓuya a bayansa, don haka dole ya nemo abin da zai riƙe kunne da shi, ko amsa-amon ciki, ko jimlar da ke dawowa, ko shirun da aka ajiye a inda ya dace. Bahaushen garin da zai hau irin wannan dandali da harshen gidansu yana da kirari a kunne ɗaya, ƙasidar makarantar allo a ɗayan, ga vers libre da ya karanta a aji. Shi nake jira in ji, kuma in ya turo waƙarsa, abin da zan fara roƙonsa shi ne ya haɗo da muryarsa yana karantawa.